Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Tarihin Gyara a Hanyar Kano, Katsina da Maraɗi

 

Da kwamitin biki ya ɗora wa ofishin akawu nauyin rubuta wani abu na tarihi a wannan fitowa ta musamman, abin da muka fara yi shi ne jawo tsohuwar adakar ƙarfen nan da ke ƙarƙashin tebur, wadda littattafan taro da rasitai suke ciki tun kafuwar ƙungiya. Niyyarmu mu tsamo sunayen shugabanni da shekarun da kowa ya yi, kamar yadda aka saba. Amma kafin mu buɗe littafi ko ɗaya, sai adakar kanta ta tsayar da mu. Da tsohon durom aka ƙera ta. Gindinta ya taɓa cin tsatsa, an yi masa faci da wani falle dabam. Abin da ke riƙe murfin ya karye a gefe ɗaya, an ɗaure shi da yankin taya da ƙusoshi. An sauya mata kwaɗo ba sau ɗaya ba. Har yau ko gara ko ɓera bai taɓa takarda ɗaya a cikinta ba.

Da muka shiga littattafan kuɗi, sai muka ga abu na biyu. A tsofaffin littattafai, kusan kowane wata akwai layin da aka rubuta "kuɗin gyara": gyaran sikeli, gyaran benci, gyaran tafireta, facin tamfol. A littattafan 'yan shekarun nan kuwa layin ya yi ƙaranci, "sayen sabo" ya maye gurbinsa. Kujerun robar zauren taro kaɗai, mu da ke riƙe da biro mun gaji da rubuta su, alhali bencin katakon da iyayenmu suka zauna a kai ranar kafa ƙungiya yana nan a baranda, ana zama.

Wannan ne ya sa muka ajiye jerin sunaye, muka ɗauko tarihin gyara a hanyarmu. Akwai kuma dalili na kusa. A babban taron bana za a tattauna shawarar da wasu rassa suka kawo, cewa a karɓi masu gyara a matsayin cikakkun mambobi. Mun ji masu goyon baya, mun ji masu cewa mai gyara kishiyar mai sayarwa ne. Kafin a ɗaga hannu, ya kamata mu san daga ina muka fito.

Zamanin ayari

Kakanninmu fatake ba su da zaɓin a jefar a sayi sabo, domin hanya ba ta ba da wannan dama. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Katsina zuwa Gwanja neman goro, a ƙasar da ake kira Gana yanzu, yakan shafe watanni kafin ya isa kasuwar Salaga, zuwa da dawowa kuwa sai ya cinye mafi yawan shekara. Ana tafiya da kanwa da tufafi da kayan fata da busasshiyar albasa, a bisa jakuna da takarkarai da kawunan mutane. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana nuna hanya, uban dawaki yana tattara abin da za a biya na fito da na sarakunan hanya.

Idan aka yada zango aka sauke kaya, ba hutu ake fara yi ba. Kowa zai duba mangalarsa da taikinsa da igiyoyinsa. Akumarin da ya zaizaye, in ba a cusa masa sabon ciko an ɗinke ba, gobe zai ci bayan jaki. Jakin da ya yi miki ba ya ɗaukar kaya, kayan da ba su da mai ɗauka kuwa ko a karyar da su a ƙauyen da ke kusa, ko a bar su a daji. Saboda haka basilla da allura da zare da guntun fata suna cikin jakar kowane bafatake, kamar yadda caja take cikin jakarmu yau. Shi kansa goron, kiwonsa ake yi har a iso gida. Ana kwance huhu lokaci zuwa lokaci, a tsince mai sankara kada ya ɓata sauran, a sake ganye, a yayyafa ruwa, a ɗaure.

A arewa da mu lamarin ya fi haka tsanani. Ayarin gishirin da Buzaye ke kaiwa daga ƙasar Agadas zuwa Fashi da Bilma yana ratsa sahara ne inda ake kwanaki ba rijiya. A irin wannan tafiya, salkar da ta fara yoyo maganar rai ce. Kantun gishirin da ya iso kasuwannin Damagaram da Tasawa da Kano, bayansa akwai hannuwan da suka yi ta facin salka da ɗaurin sirdi a tsakiyar yashi.

Gyartai da maƙeri da marini

A cikin gari ma haka abin yake. Akwai mutumin da sana'arsa duka ɗinkin ƙwarya ce, shi ne gyartai. Yana bin unguwa unguwa da kasuwa kasuwa, matan aure su aiko masa da ƙwaryar da ta tsage, ya huda gefe da gefe da basilla, ya ɗinke ta har ta sake riƙe nono. Yaranmu da yawa yau ko sunan ba su taɓa ji ba.

Ƙarfe kuwa ya fi ƙwarya tsada nesa ba kusa ba, domin sai an haƙo tama an narka ta da gawayi mai yawa kafin a sami abin ƙera fartanya ɗaya. Shi ya sa ba a yar da ƙarfe. Kafin damina manomi zai kai ruwan garmarsa ko hauyarsa maƙera a ƙara masa baki. In ya cinye har ba ya ƙaruwa, a mai da shi wuƙa ko lauje, in wuƙar ta sirance a mai da ita basilla.

Tufafi ma suna da irin wannan tsani. Rigar da ta koɗe a mai da ita marina a sake tura ta, a kai wa masu bugu su fito mata da sheƙi, ta dawo kamar ta ango. In ta mutu a wuya da aljihu, a yanke ta a ɗinka wa yaro. Daga nan ta zama tsumma, ta zama gammo, ƙarshenta lagwanin fitila. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake ba ta shekaru fiye da ɗari biyar, ba sabon saƙi kaɗai ta rayu a kansa ba. Kasuwar Kurmi da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tana da layin dukawa da na maɗinka, kuma wanda ya ɗinka maka takalmi shi za ka mayar wa in ya tsinke. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya biyo ta Tasawa da Gazawa da Katsina ya shiga Kano a farkon 1851, ya ba da labarin yadda tufafi da takalman Kano suke kaiwa ƙasashe masu nisa. Kayan da za su yi irin wannan tafiya, dole a yi su da ƙwari, kuma a yi su yadda baduku na kowane gari zai iya kama su in sun saki.

Abu biyu ne suka riƙe wannan tsari. Na farko, kayan aiki suna da tsada, hannun ma'aikaci yana da sauƙi. Na biyu, mai ƙerawa da mai gyarawa mutum ɗaya ne, kuma maƙwabcinka ne, in ya yi maka aikin banza gobe za ku haɗu a masallaci ko wurin suna.

Iyaka, jirgin ƙasa da mota

Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa alamomin iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram, ta raba Sakkwato da Ƙonni. A 1911 layin dogo ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, har gyaɗar ƙasar Maraɗi ta riƙa biyowa ta Kano zuwa teku. Kantunan Turawa suka cika da kwanuka da fitilar ƙwai da yadi da keke da keken ɗinki.

Waɗannan kaya sun kashe wasu sana'o'i. Masaƙa sun ji jiki, masu narka tama suka daina, tunda ga tarkacen ƙarfe a araha. Amma gyara bai mutu ba, sabon ɗaki ya shiga. Maƙeri ya gano cewa karyayyen sifirin mota ya fi kowane ƙarfe yin gatari da adda. Aka sami masu liƙe kwano da buta da dalma, masu gyaran agogo, masu gyaran fitila, daga baya masu gyaran rediyo. Keken Raleigh da keken ɗinki na Singer da noti da kusoshi aka haɗa su, ana kwance su ana ɗaurawa, kuma kantin da ya sayar da su yana sayar da kayan gyaransu. Shi ya sa har yau akwai tela a cikinmu da ke taka kan keken da ya gada daga kakansa.

Da mota ta karɓi aikin jaki, tarbiyyar zango ba ta ɓace ba. Manyan motoci irin su Bedford da Mercedes 911, da Berliet a ɓangaren Nijar, sau da yawa inji da ƙashi ake shigowa da su, kafintocinmu su gina bodin katako. In bodi ya ruɓe a sake wani, in inji ya gaji a sauke shi a sake masa zobba da bishi. Direban wancan zamani rabin bakanike ne, yaron mota kuwa sai ya yi shekaru yana kwance taya da facin tif da wanke kafireto kafin a ba shi sitiyari. Dattawanmu suna ba da labarin sifirin da ya karye a daji aka ɗaure shi da icce da roba, da tankin mai da aka liƙe da sabulu, har mota ta lallaɓa ta shiga gari. Ba a yaba wa direba don gudu, ana yaba masa don bai taɓa kwana a hanya da kayan mutane ba.

Daga wadata zuwa tsuke bakin aljihu

A ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam, a shekarar kuma farashin man fetur ya yi tashin da ya cika baitulmalin Najeriya. Ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, a 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna. Naira tana da ƙarfi, mai da taki da kayan masana'antun Kano suna kwarara zuwa Maraɗi da Damagaram, dabbobi da wake suna gangarowa kudu. A wannan zamanin ne, in ji iyayenmu, aka fara ganin mutum ya jingine mota ko firji saboda ƙaramar matsala ya sayo sabo, har ana ganin gyara alamar rashi ce.

Abin bai daɗe ba. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira ta kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai a Maris 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, har mutanen ƙasar Hausa ta Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci suna El Buhari. A 1986 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta fara zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa. 'Yan'uwanmu na ɓangaren sefa nasu ya same su a Janairun 1994, da aka wayi gari an karya darajar kuɗin da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100.

Wa ya riƙe mu a waɗannan shekaru? Masu gyara ne. Motocin 404 da 504 da aka saya lokacin wadata, bakanikai da masu walda da masu bugun bodi suka yi ta jan ransu shekara ashirin, talatin, suna jigilar Jibiya zuwa Ɗan Isa, Illela zuwa Ƙonni, Maigatari, Kwangwalam. Tsofaffin motoci da injuna da ake kira Beljiyom suka fara shigowa ta tashar ruwan Kwatano, su ratso Nijar, da yawa su gangaro Najeriya, kuma babu wadda ke hawa titi ba ta biya ta hannun bakanike ba. Dilolin gwanjo, ko bosho, suka samar wa dubban teloli aikin ragewa da ƙarawa.

Kasuwanni sukutum suka tsaya a kan wannan aiki: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Katako a Yamai, da Suame a Kumasi ga masu zuwa Gana. Wanda ya shiga Katako zai ga durom ya zama adaka da murhu da baro, tarkacen alminiyum ya zama tukunya da ludayi, tsohuwar taya ta zama takalmi, tif ya zama guga, gwangwanin madara ya zama fitilar a-ci-bal-bal. Da yawa daga cikin waɗannan kaya mambobinmu ne suke saro su suna kai wa kasuwannin ƙauye. Ke nan tun a lokacin mai gyara ba kishiyarmu ba ne, wani lokaci ma shi ne masana'antarmu.

Kayan da ba a buɗewa

Daga wajen shekarar 2000 kaya masu araha daga Sin da Dubai da Indiya suka mamaye kasuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mun ci riba, jama'a ma sun amfana. Talakan da bai taɓa mafarkin babur ba ya hau Jincheng ko Bajaj, ya yi kabu-kabu ya ciyar da gida. Tocila mai caji ta kori hayaƙin kananzir daga ɗakuna. Wayar salula, da ta shigo Najeriya a 2001, ta sa ɗan kasuwa yana Maraɗi yana jin farashin Dawanau kafin ya ɗaura kaya.

Amma wani abu ya sauya a jikin kayan. Inda da ake sa noti, yanzu gam ake sawa. Inda da ake sa ƙarfe, yanzu roba ce mai karyewa. Batir a liƙe yake ciki, ba a cire shi sai an fasa. Samfurin bana ba ya karɓar kayan na bara. Kuɗin gyara ya zo daidai da kuɗin sabo, wani lokaci ya fi. Ma'aunin kakanninmu ya juye: kaya sun yi araha, kuma wanda ya ƙera su yana wata duniya, ba za ku taɓa haɗuwa wurin suna ba. Wanda mai saye ya sani, wanda zai zo ya tsaya a ƙofar shagonsa, shi ne mu.

Mu a ofis mun ga inda abin ke ƙarewa, domin a teburinmu ƙorafi ke sauka. Ba mu manta da rigimar fitilu masu caji da kwamitin sulhu ya zauna a kanta ba. Wani mambanmu ya sari katan katan a hannun wani dila, ya ƙetara da su, ya raba wa 'yan tebur bashi. Kafin wata biyu suka fara dawowa, ba sa riƙe caji. Dila ya ce shi ma haka aka aiko masa. Mai kaya ya ce ba zai biya ragowar kuɗi ba. Zumuncin shekaru ya kusa tsinkewa. Abin da ya kashe wutar, wani yaro mai gyaran waya ne a bakin tasha, wanda ya yanka ɗaya ya gano batirin ne ƙarami kuma maras kyau, sauran kayan ciki lafiya lau. Aka sayo batura masu kyau, aka raba kuɗin tsakanin mutum biyun, ya zauna da ƙannensa suka sauya su ɗaya bayan ɗaya. Kayan da aka yi niyyar zubarwa a kwata suka sayu. Yaron nan ba shi da katin ƙungiya, ko kujera ba a ba shi ba a zaman.

Irinsa suna da yawa. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga matasa da abin liƙa da madubin ƙara girma suna ɗaga abin da ido da ƙyar yake gani, ya san jikokin gyartai suna nan, kayan aiki ne kawai suka sauya.

Darasin rufe iyaka

Mu da muke da shekara talatin da 'yan kai, labarin 1984 ji muka yi. Namu mun gani da ido. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, sai a Disambar 2020 aka fara buɗe wasu, ciki har da Illela da Maigatari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake rufe hanya, aka yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba Nijar, ba a buɗe iyakar ba sai a Maris 2024. A tsakanin nan an cire tallafin mai a Najeriya, dala kuma ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500.

Kowa ya tuna yadda motoci suka yi layi da kaya a kansu, albasa tana ruɓewa, tamfol yana yagewa, batura suna mutuwa. Kowa ya tuna yadda farashin sabon janareto da firji da taya ya gagari mutane. A waɗannan watanni masu naɗin koyil da masu gyaran injin ban-ruwa da masu haɗa sola ba su runtsa ba. Mambobinmu masu sayar da sabon kaya zalla sun zauna suna kore ƙuda, masu sayar da kayan gyara kuwa ba su rasa na cefane ba. Sau uku ke nan cikin shekara arba'in hanya tana rufewa, kuma babu mai ba mu tabbacin ba za a sake ba. Sabon kaya sai ya ƙetare iyaka da canjin kuɗi kafin ya iso. Hannun mai gyara yana nan cikin gari ko an rufe ko an buɗe.

Bola ma tana da lissafi

Abin da aka jefar ba ɓacewa yake yi ba. Yana kwatar bayan kasuwa yana toshe ruwa, da damina ya dawo mana cikin shaguna. Yana cikin tumbin shanu da awaki, mahauta shaida ne kan ledar da suke cirowa. Yana cikin hayaƙin da yara 'yan jari-bola ke shaƙa in suna ƙona waya don ciro tagulla. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Afirka ta san ɗacin zama juji: a 1988 aka jibge gubar masana'antu daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, a 1991 kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako don hana shigo da irin wannan shara.

Abin lura, ƙasashen da suka koya wa duniya a jefar a sayi sabo, yanzu doka suke yi don a dawo da gyara. A 2021 Faransa ta wajabta a liƙa wa wasu kaya, irin su wayar salula da kwamfuta, maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaransu. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ke ba mai saye haƙƙin a gyara masa kayansa. Abin da suke nema da doka, mu gadonsa muka yi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai kada a ce mun ce kowane abu a gyara. Tayar da ta cinye aka sake zana mata ƙwarya, da ƙarfen sitiyari ko na birki da aka yi wa walda, da tukunyar gas mai faci, waɗannan ba tattali ba ne, sayen rai ne da araha. Mun yi jana'izar mutanenmu a hanyar nan saboda irinsu. Akwai kuma mai gyaran da ke cire na asali ya sa jabu, da wanda ke riƙe kayan mutane wata da watanni, da mai sayen kayan sata da sunan tarkace. Masu adawa da shawarar da ke gaban taro suna da hujja a nan. Amma a ganinmu wannan hujja ce ta a jawo su ciki, inda akwai rajista da kwamitin ladabtarwa, ba ta a bar su a waje ba inda babu mai tambayarsu.

Abin da ke gabanmu

Ofishin akawu ba ya jefa ƙuri'a, aikinmu rubutu ne. Amma tunda an ba mu fili, ga abin da muka tsinta a cikin adaka.

Na ɗaya, duk wanda zai saro kaya mai inji ko mai batir, ya tambayi kayan gyaransa tun a wurin sari, ya haɗo da su a lodi ɗaya. Dilan da ya ce babu, ya gaya maka ƙarshen kayan ke nan.

Na biyu, kowane reshe ya buɗe rajistar masu gyara da aka yarda da amanarsu, bakanike da mai faci da mai walda da mai gyaran waya da na sola, ta yadda direban da ya lalace a Ɗan Isa ko Magama zai san wanda zai kira, kuma in an cuce shi ya san inda zai kai ƙara.

Na uku, cikin yaran da muke ɗauka a shaguna, a riƙa tura wasu koyon gyaran abin da muke sayarwa. Shagon da ke sayarwa yana kuma gyarawa, mai saye ba ya barinsa.

Na huɗu, mu fara da kanmu. Mun nemi izinin ma'aji a mayar da layin "kuɗin gyara" cikin kasafin bana, a kira kafinta ya duba tsofaffin bencina kafin a sake sayen kujerar roba ko ɗaya.

Masu cewa gyara zai rage mana ciniki, muna roƙonsu su dubi tarihin nan da kyau. Fatake sun yi arziki a zamanin da ba a yar da ko allura. Alhazan Maraɗi da attajiran Kano sun kafu a kan motocin da aka yi ta sauke wa inji. Jarin ɗan kasuwa na gaskiya shi ne mutumin da ya saya bara ya dawo bana da fara'a, kuma ba ya dawowa in abin da muka ba shi ya mutu kafin ya gama biyan bashinsa. Hausawa sun riga sun yanke hukunci, araha ba ta ado.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya, da direbobi da yaran mota da suka rasu a hanya. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasashenmu biyu, ya bar hanya a buɗe, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a zauren taro.

Daga ofishin akawun ƙungiya